Ƙudurin Doka Mai Ƙamshin Ƙosai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, da safiyar Larabar da Madam Rifkatu ta ɗauki ƙosai na uku ta dangwala yaji za ta kai baki, ni kuma idona ya sauka a kan takardar da aka naɗo ƙosan a ciki. Mai ya jiƙa ta har ana hango katakon tebur ta cikinta. A can sama ta hannun dama akwai rubutu layi biyu da koren biro, da sa hannu a ƙasa mai kama da ƙugiya. Duk faɗin ginin majalisa mutum ɗaya ne ke rubutu da koren biro, wato Kakaki. Kuma na san rubutun sarai, don jiya-jiyan nan na riƙe shi da hannuna.

Ban san lokacin da salati ya kuɓuce min a fili ba.

"Lafiya, 'yata?" in ji Madam, bakinta cike da ƙosai.

"Cikina ne ya murɗa, Madam."

(Allah ya sani wannan ba ƙarya ba ce. Ita ce ma gaskiya ta ƙarshe da na faɗa wa Madam a ranar, har bayan azahar.)

Bari in koma baya kaɗan don ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina. Ni dai sakandare na gama, na yi wata shida ina koyon kwamfuta a wani shago a Sama Road, sannan Kawuna, wanda ya yi shekara da shekaru yana masinja a majalisa kafin ya yi ritaya, ya saka babbar rigarsa ta Juma'a ya je ya roƙa aka ɗauke ni aikin wucin gadi a ofishin da ke kula da ƙudurorin doka. Aikina buga takardu da yin kwafi. Madam Rifkatu ce shugabar ofishin, 'yar Filato ce, amma ta daɗe a Sakkwato har ta fi ni sanin lungunan Ƙofar Dundaye. A satin da abin ya faru ta gaya min da bakinta cewa ta saka sunana a cikin waɗanda za a tabbatar wa aiki. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Kawu, Kawu kuwa ya gaya wa duk wanda ya yi sahu ɗaya da shi a masallaci.

Innata ƙosai take soyawa a ƙofar gidanmu a Ƙofar Kware. Duk wanda ya san sana'ar ya san takarda rabin jari ce. A ofishinmu akwai wani kwali a ƙarƙashin injin kwafi inda ake jefa takardun da suka lalace, waɗanda injin ya tauna ko tawada ta yi musu zane. Tun watana na farko na roƙi Madam, ta ce in riƙa kwashewa, ai sharar ma ta ragu. Ni kuma kullum da safe sai in zo mata da ƙosai mai zafi, yaji da yawa kamar yadda take so. Haka muka yi wata takwas lafiya lau.

Kafin in fara aikin nan, ina zaton doka gwamna ne ke tashi da safe ya faɗa a rediyo, shi ke nan. Ashe tafiya ce mai nisa. Ɗan majalisa zai kawo ƙudurinsa, a kawo mana mu buga shi tsaf, a ba shi lamba, a saka shi a jadawalin zama. Ranar karatu na farko, da na ji an ce za a karanta, har na gyara zama a bayan Madam ina jiran a yi awa guda ana karatu. Sai Akawun Majalisa ya miƙe ya faɗi sunan ƙudurin kawai ya zauna. Na raɗa mata, "Madam, ya manta sauran." Ta taka min ƙafa. Sai a karatu na biyu ne ake tafka muhawara, wannan ya ce yana goyon baya, wancan ya tashi ya ce mutanen mazaɓarsa ba za su yarda ba. In an ƙare, aka ga masu "e" sun fi yawa, Kakaki ya buga guduma ya ce an miƙa wa kwamiti kaza, su dawo da rahoto nan da sati kaza. Su 'yan kwamiti su ne za su zauna su tsefe shi layi-layi, su kira jama'a su ji ta bakinsu. Daga zauren kuma ƙudurin yakan sauko ofishinmu da rubutun Kakaki a shafin farko da hatimin Akawu, mu yi wa kowane ɗan kwamiti kwafi, mu haɗa da wasiƙa, sakataren kwamiti ya zo ya sa hannu ya karɓa.

To ranar Talata aka yi wa wani ƙuduri karatu na biyu, aka miƙa shi ga kwamitin lafiya. Shafi goma sha biyu ne, a farar takarda mai kauri wadda ba a taɓa ta sai za a buga na asali. Madam ta cire shi daga fayil ta ba ni wajen ƙarfe uku da rabi, ta ce kwafi tara. Na cire ƙusar da ta haɗe shi, na ɗora shafi na farko, sai wuta ta ɗauke. Na jira. Mai janareta ya tafi sallah. Zafi kamar ana gasa mutum. Sai na ɗora takardun a kan kwalin nan, a raina na ce minti biyar. Wata ƙawata ta kira ni a waya a kan zancen ankon bikinta, muka yi ta musu a kan kalar atamfa, aka tashi aiki, na sunkuya na dumbuzo abin da ke kwalin gaba ɗaya kamar kullum, na tura a jaka, na yi gida. Har da waƙata a hanya.

Yanzu ga shi shafin farko yana kwance a gaban Madam, da ɗan tulin yaji a kan lambar ƙudurin.

Na tsaya a kanta kamar mai gadi. Tana cinye na ƙarshe na kai hannu na fizge takardar da saurin da har ta ɗan ja baya.

"Kai, yau ladabi ya motsa," ta ce tana dariya. "To jefa a shara. Kin gama kwafin jiya? Malam Sani, sakataren kwamiti, ya ce bayan azahar zai zo ya karɓa, gobe kwamiti za su zauna."

"Saura kaɗan, Madam."

Na juya mata baya na dunƙule takardar na cusa a cikin hijabi, yaji da komai. Na je na buɗe jakata a ɓoye ko Allah zai sa sauran suna ciki. Babu komai sai carbi da cajar waya. Wajen ƙarfe goma na ce mata cikin nan ya matsa, zan je kemis. Ta ce in yi sauri, har ta ba ni shawarar in sha kanwa.

Ban tsaya jiran Keke ba. Na tare kabu-kabu, ni da ban taɓa yarda in hau mashin da kayan aiki ba, na ce masa Ƙofar Kware, kuma ya yi gudu. Ya ɗauki maganata da gaske. Amma duk ramin da muka faɗa ban ji shi ba, don hankalina yana wurin lissafin abin da ake yi wa wanda ya lalata doka. A raina na riga na ga motar 'yan sanda a ƙofar gidanmu, na ga matan unguwa sun leƙo ta katanga, na ga Kawu ya sake saka rigar Juma'ar nan, wannan karon don zuwa beli. Ban san hukuncin ba, shi ya sa na yanke wa kaina mafi tsanani.

Na iske Inna tana kwashe kaskon ƙarshe.

"Ke, lahiya? Mi ya koro ki da hantsi haka?"

"Inna, takardun da nik kawo jiya, ina suke?"

"Masu kaurin nan? Ai ɗiyata kin kyauta. Tun da nike sana'ag ga ban taɓa samun irinsu ba. Ba su yagewa, mai bai bi ta ƙasa. In da saura can ki ƙaro min."

"Inna, doka ce fa!"

"Doka?" Ta dubi matsamin da ke hannunta, ta dube ni. "To mi ya kawo doka cikin kwalin shara?"



Muka zazzage kwandon takardunta. Shafi huɗu muka samu ba a taɓa su ba, na rungume su kamar jarirai. Sauran kuwa, Inna ta riga ta raba kowanne gida biyu, don ita a wurinta ɓarna ce a naɗe ƙosan mutum ɗaya da takarda sukutum. (Na Madam ne kawai ta bari cikakke, saboda girmamawa.) Wato yanzu ba shafi bakwai nake nema ba, gutsure goma sha huɗu nake nema, a hannun mutanen da suka karya kumallo tun ƙarfe bakwai.

Abin da ya taimake ni shi ne Inna ta san masu sayenta kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ta tsaya tana lissafa min su da yatsu, ni kuma na bazama. Na je shagon tela na bakin layi, na gaishe shi, na ce ina neman takardar da ya ci ƙosai da ita. Ya daina taka keke ya ɗago kai ya dube ni da kyau.

"Takardar? Ba canji ba?"

"Takardar, Malam."

Ya nuna min bokitin ƙyallaye da ƙafa, ina jin idonsa a bayana ina tonawa da takalmina mai tsini da jakar ofis a kafaɗa. Biyu na samu a nan. Wurin mai shayi na samu uku, ɗaya ya goge tebur da ita. A gidan maƙwabciyarmu na iske ta hura gawayi da nata, ta nuna min tokar da hannu tana ba ni haƙuri kamar an yi rasuwa. Sai a bakin kwata na hango akuyar gidan liman tana tauna wani abu fari mai kauri. Jama'a, na yi kokawa da akuya. Ni, ma'aikaciyar majalisa, wadda sunanta ke cikin jerin waɗanda za a tabbatar. Na riƙe gefe ɗaya tana riƙe da ɗaya, muna kallon juna ido cikin ido, kuma ita ta yi nasara. Abin da ya rage a hannuna bai fi tafin jariri ba.

Da na dawo gida na baje abin da na samu a tabarma. Duk sun yamutse, sun yi sharkaf da mai. Sai dabara ta zo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan hankalinsa ya riga ya tafi: in goge su. Na zuba garwashin kaskon Inna a dutsen guga na ɗora a kan gutsure na farko. Mai ya ƙara bazuwa, takardar ta koma kamar gilashi, rubutun kuma ya narke ya bi gindin dutsen gugar. Na ɗaga na ga rabin sashe na shida manne a ƙarfe, a juye. Nan na zauna dirshan na fashe da kuka.

Inna ta zauna kusa da ni tana min fifita da murfin kwano. Can ta ce, "To wai mi anka rubuta ciki da za ki kashe kanki? Karanta min in ji."

Kunya ta biyu ke nan. Ni na buga ƙudurin nan da yatsuna, shafi goma sha biyu, amma ban san abin da ke ciki ba. Ni idan ina bugu, ido ne ke ɗauka ya miƙa wa yatsu, kai ba ya shiga. Na ɗauki ɗaya daga cikin masu tsabtar na fara karantawa ina juya mata da Hausa. Ƙuduri ne a kan tsabtar abincin da ake sayarwa a bakin titi. A rufe abinci daga ƙuda. A riƙa wanke hannu. Sai na iso wani layi, na tsaya cak.

"Ci gaba mana."

"Wai... an hana duk mai sayar da abinci naɗe shi a cikin takardar da aka yi rubutu ko bugu a kanta."

Inna ta ajiye murfin kwanon.

"Awo! Ashe ni sunka nuhwa." Sannan ta ce, "Da kin bar wa akuyar nan ta cinye duka."

Ita dariya take yi, ni kuwa wani sabon tsoro ne ya kama ni. Don yanzu labarin ya canza. Wa zai yarda kuskure ne? 'Yar mai ƙosai tana aiki a ofishin ƙudurori, an kawo dokar da za ta taɓa sana'ar uwarta, washegari dokar ta ɓace, aka same ta a cikin kwandon uwar an yayyaga. Ko ni aka ba wannan shari'ar, na san hukuncin da zan yanke.

A hanyar komawa ne shaiɗan ya hau kabu-kabun tare da ni. Ya tuna min cewa ƙudurin yana nan a kwamfutata, farar takarda mai kauri kuma na san durowar da take. Abin da ya rage kawai layi biyu ne da ƙugiyar nan. Hatimi kuma, a raina na ce, wa ke duba hatimi? Na sa mai mashin ya tsaya a wani shagon littattafai a Sama Road, na shiga na ce a ba ni koren biro. Mai shagon ya ce ba a cika nemansa ba, sai da ya hau kujera ya lalubo. Na karɓa ina waige-waige kamar na sayi bindiga.

Ƙarfe ɗaya da rabi na shiga ofis. Madam ta tafi cin abinci. Na zauna na ciro shafin farko daga hijabi (yajin ya riga ya yi min aiki a fata, amma wannan wani labari ne), na shimfiɗa, na ɗauko wata takardar banza na fara gwada ƙugiyar. Ta farko ta fito kamar ƙadangare. Ta biyu kamar ƙadangaren da mota ta taka. A ta uku sai na ga ta fara kama, kuma wallahi a nan ne tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na akuya da na 'yan sanda. Na tuna Kawu ranar da ya kawo ni, yadda ya tsaya a bakin ƙofar nan ya ce wa Madam, "Ɗiyag ga ba ta da wayo ƙwarai, amma ba ta ƙarya." A lokacin har na ji haushin rabin farko na maganar. Na yayyaga takardar gwajin ƙanana-ƙanana, na jefa biron a cikin ledar da na ƙunso gutsattsarin, na zauna ina jiran ajalina.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna suka shigo tare, Madam da Malam Sani, sakataren kwamitin lafiya, wani dogon mutum mai son zolaya wanda ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Yana riƙe da littafin da ake sa hannu in an karɓi takarda.

"'Yan ofishin ga kun ji daɗinku," ya ce yana shinshina iska. "Kullum ƙamshin ƙosai. Ina kayana?"

"'Yata, kawo na asalin da kwafi tara," in ji Madam.

Na miƙe. Na ɗauko baƙar ledar na ɗora a kan teburinta, a daidai inda ta ci ƙosai da safe, na kwance. Na fara fitarwa ɗaya bayan ɗaya ina jerawa. Huɗu masu tsabta. Wasu huɗu masu mai, ɗaya da shatin gindin kofin shayi. Ɗaya mai kama da gilashi babu rubutu. Ɗan ƙaramin da na ƙwato a bakin akuya, da alamar haƙori. A ƙarshe na ɗora shafin farko, koren rubutun Kakaki yana ƙyalli a cikin man gyaɗa.

Fanka kawai ke juyawa, tana ɗaga gefen takardun.

"Mene ne wannan?" Madam ta tambaya a hankali.

Na durƙusa har ƙasa. Ban ce Madam ba, Mama na ce. "Mama, ƙudurin ne." Na faɗa mata komai, tun daga ɗaukewar wuta har zuwa dutsen guga, ina yi majina na zuba. Da na zo kan akuya, Malam Sani ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Madam ta ɗaga shafin farko da yatsu biyu ta duba shi ta hasken taga. Ta dubi yatsunta. Na ga lokacin da ta gane.

"Wannan ba shi ne na ci..."

"Shi ne, Mama."

Malam Sani ya kasa riƙewa. Ya zauna a kujera yana buga littafinsa a cinya. "Madam, ashe ke kika fara yi masa zaman kwamiti! Kin tsefe shi da yaji!" Ya ɗauki ɗaya daga cikin masu tsabtar yana dubawa, ya ci karo da layin nan na hana naɗe abinci a takarda, ya karanta shi da ƙarfi, sai ya zame daga kujerar gaba ɗaya. Mutanen ofishin kusa suka fara leƙowa. Ni ina durƙushe, ina roƙon ƙasa ta taimaka ta buɗe.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga ledar don ta ga ko akwai saura, ta zazzage. Sai koren biron ya faɗo a kan tebur, ya gangara a hankali, ya tsaya a jikin hannunta.

Dariyar Malam Sani ta ɗauke kamar wutar jiya.

Madam ta tashi ta rufe ƙofa. Ta dawo ta ɗauki biron ta cire murfin ta duba bakinsa.

"Kin yi rubutu da shi."

"Na gwada a takardar banza, Mama. Sau uku. Na yaga."

"A kan na gwamnati fa?"

"Wallahi ban taɓa ba."

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Sannan ta saka biron a jakarta ta ja zif, ta dubi Malam Sani. Shi kuma ya ce, "Ni ƙosai kawai na gani."

Ta tattara gutsattsarin a cikin fayil, har da na bakin akuya, ta ce in zauna kada in motsa, za ta hau sama wurin Akawu. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ni na ba ki izinin kwasar takarda. Don haka ba ke kaɗai za a tambaya ba." Wannan maganar ta fi mari zafi. Sai a lokacin na gane ba aikina kaɗai na naɗe ƙosai da shi ba.

Na zauna. Ƙarfe uku ta yi. Aka kira la'asar, na yi sallah a kusurwar ofis, kuma ba zan iya rantsuwa a kan raka'a nawa na yi ba. Duk takun da na ji a baranda sai in ce ga su nan. Na share teburina, na haɗa 'yan kayana a jaka, kofina da sallayata, don kada in tsaya tattarawa a gaban mutane in an kore ni. Na shirya abin da zan gaya wa Kawu, na rushe, na sake shiryawa. Inna ta kira sau huɗu ban ɗauka ba.

Ƙarfe huɗu da rabi Madam ta turo ƙofa. Ta dubi jakata da ke kan cinya a ɗaure.

"Ina za ki?"

Na ƙara rungume jakar.

Ta zauna ta cire takalmi, ta yi ajiyar zuciya. "Ke a tunaninki doka a cikin wannan takardar take zaune? Abin da aka yi a zaure jiya yana rubuce a kundin zaman majalisa. An miƙa wa kwamiti, an miƙa ke nan, ko akuyoyin garin nan duka sun taru. Kowane ɗan majalisa ma yana da kwafinsa tun karatu na farko, ke kika raba musu da hannunki. Da tun safe kin buɗe baki, da kafin ƙarfe goma sha ɗaya mun sake bugawa na hau da shi an sa hannu."

Wato duk gudun nan, da tonon bokitin tela, da kokawar bakin kwata, ba don komai na yi su ba sai don ban tambaya ba.

"Na sha faɗa," ta ci gaba. "Akawu ya wanke ni tas, kuma yana da gaskiya. Daga yau ko ƙyallen takarda ba ya fita daga ginin nan. Za ki rubuta bayanin abin da ya faru da hannunki, a saka a fayil ɗinki. Yanzu ki tashi ki sake bugawa, gobe da safe za a kai wa Kakaki ya sake sa hannu kafin kwamiti su zauna."

"Mama... sunana fa?"

"Yana nan inda yake. Ya tambaye ni ko kin yi ƙoƙarin rufewa, na ce kin kawo min har wanda akuya ta tauna." Ta dafa jakarta, daidai inda biron yake. "Tabon mai yana da magani, 'yata. Da wannan kika kawo min a kan takarda, ni da kaina zan raka ki wurin 'yan sanda, ina kuka ina raka ki."

Na sake fashewa da kuka, na daɗi wannan karon, har da shessheƙa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in kwamiti sun sa ranar jin ra'ayin jama'a in gaya wa Inna ta zo, tunda dokar tata ce, ta faɗa musu da me take so a naɗe ƙosai in an hana takarda. Ta ƙara da cewa na gobe a kawo mata a kwano mai murfi.

Na kunna kwamfuta (har yanzu da nake ba ku labarin nan, in na ga koren biro sai gabana ya faɗi). Kafin in danna bugu na karanta ƙudurin tun daga sunansa har layin ƙarshe, karo na farko a rayuwata. Abin da na koya a ranar bai da yawa: in ka yi ɓarna, ka faɗa tun ƙosan yana da zafi, don duk dabarar da tsoro zai kawo maka daga baya ta fi ɓarnar muni. Kuma duk takardar da ta yi kyau da kauri fiye da kima, har Inna ta yaba mata, to ba ta shara ba ce.